Ciwon da Ba a Zuwa Dubiyarsa

Daga cikin al'adun Bahaushe waɗanda suka fi bayyana zumuncinsa akwai dubiya. Da zarar an ce wane yana kwance, ba sai an raba goron gayyata ba, dangi da maƙwabta za su yi ta sintiri, wannan da kwanon kunu, wancan da 'yan lemo a ƙulle, wanda ba shi da abin hannu kuwa ya zo da bakinsa ya ce, "Sannu, Allah ya sawwaƙe." A wurin Hausawa Kirista, waɗanda na fito daga cikinsu, wannan al'ada ta ƙara samun gindin zama. Kowace Lahadi, bayan waƙoƙi da baiko, sakataren ikkilisiya yakan miƙe ya karanto sunayen marasa lafiya, a yi musu addu'a ɗaya bayan ɗaya, sa'an nan Zumuntar Mata su raba kansu, kowace ƙungiya da gidan da za ta je. Mai hawan jini yana cikin jerin, da mai karaya, da wadda ta sha wuyar haihuwa.

Amma fa akwai ciwo guda wanda ban taɓa jin an karanto sunan mai shi ba, ba kuma a zuwa dubiyarsa, sai dai a yi ta raɗa a kansa a bakin rijiya. Wannan shi ne ciwon hankali. Ina zaune da shi tun shekarar 2019, sa'ad da nake ɗan shekara 19, kuma a kansa nake son in yi magana. Na san yawancin malamaina da abokan karatuna a wannan sashe Musulmi ne, na kuma san wasu za su riƙa kallona da wani ido daban bayan sun karanta. Duk da haka na ga ya fi kyau maganar ta fito daga bakina, domin mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo.

Suna uku na ciwo ɗaya

An haife ni a wani ƙauye a kudancin jihar Katsina. Kakannina Maguzawa ne, iyayena kuwa sun tashi cikin addinin Kirista. Shekarar da na gama sakandare, bayan an kawar da amfanin gona, sai barci ya ƙaurace mini. Nakan runtsa sa'a ɗaya ko biyu in farka garau, jikina kamar an zuba masa sabon jini. Tunani ya riƙa zuwa mini da gudu, baki ba ya iya cim masa. Na shiga karatun Littafi Mai Tsarki dare da rana, ina haddace surori, ina tsayawa a addu'ar matasa in yi sa'a uku ban gaji ba. Abin ya burge jama'a ƙwarai. Aka ce wutar Ruhu ce ta sauko mini, har wasu dattawa suka fara shawarar a tura ni makarantar tauhidi. Suna na farko ke nan da aka raɗa wa ciwona: baiwa.

Bayan kamar mako uku al'amari ya canza kama. Na ɗebi buhunan masarar mahaifina na rabar a kasuwa, na hau kan tebur ina wa'azi ga mutanen da ba su tambaye ni ba, wanda ya ce in sauko kuwa in hau shi da faɗa. Bakunan da suka ce baiwa, su ne suka koma suka ce aljanu. Aka tuno cewa gidanmu gidan bori ne a dā, aka ce iskokin da kakana ya yasar ne suka dawo karɓar bashinsu a jikin jika. Aka ɗauke ni zuwa wani gidan addu'a a birni, inda aka ɗaure ƙafata da igiya a jikin turke, aka sa ni azumin dole, ana kwana a kaina da ihu ana cewa aljanin ya faɗi sunansa. Na yi kwana tara a can. Suna na biyu ke nan.

Da guguwar ta lafa aka mayar da ni gida, sai na faɗa wani rami mai duhu. Na yi wata huɗu ba na son magana, ba na son abinci, wanka ma sai mahaifiyata ta yi da gaske. Addu'ar da nake yi sa'a uku ta gagare ni ko da na minti ɗaya. A nan aka kawo suna na uku: wai na ja da baya, bangaskiyata ta yi sanyi, akwai zunubin da na ɓoye. A duk tsawon wannan lokaci mutum biyu kaɗai suka taka ƙofar ɗakina da niyyar dubiya.

To, mai karatu ya duba. Baiwa, aljanu, zunubi: suna uku, amma babu ko ɗaya da ya ce ciwo. Kowane suna kuwa da irin abin da yake jawowa. Mai baiwa a ɗora shi kan bagade, mai aljanu a ɗaure shi, mai zunubi a tsawata masa. Majinyaci ne kaɗai ake kai wa kunu, shi ne kuma ake kaiwa asibiti.

Yadda harshe ya ɗaure mu

Da na shigo wannan sashe na fara nazarin ƙirar kalma, sai na lura cewa ɗaurin ya girmi igiya, domin a cikin harshe yake. Idan zazzaɓi ne, cewa muke yi ya kama wane, ko wane yana fama da shi. Mutum daban, ciwo daban. Idan kuwa hankali ne ya gushe, sai mu ƙera wa mutum suna na dindindin, mu ce mahaukaci, a bisa ƙirar da muke samar da manomi da maƙeri da maɗinki, sai ka ce sana'a ce ya koya. Gaskiya ne majinyaci ma a wannan ƙira yake, amma majinyaci yakan tuɓe sunan ranar da ya miƙe. Wancan kuwa ko ya shekara ashirin lafiya lau, ba a rasa mai cewa ai irin wannan ba ya warkewa, sai dai rangwame.

Kalmomin da muke sakayawa da su ma suna ɗauke da nasu hukunci. In an ce taɓin hankali, ko an kira mutum taɓaɓɓe, to an riga an nuna akwai wani mai taɓawa. In an ce bugun iska, an ma faɗi ko wane ne. Watau tun kafin boka ko malami ko fasto ya buɗe baki, harshe ya riga ya yanke cewa abin daga waje ya zo, daga wata halitta da ba a gani. Bamaguje da ya karɓi baftisma ya bar girka da tsafi, amma ya shigo majami'a da waɗannan kalmomi a bakinsa. Da ya buɗe Linjila ya tarar da labarin masu aljanu, sai zato ya zama tabbas, ya ɗauka duk wata gushewar hankali fassararta ke nan.

Abin da likita ya gani

Ɗaya daga cikin mutum biyun da suka zo dubiyata wata dattijuwa ce a Zumuntar Mata, wadda ta yi aikin jinya har ta yi ritaya. Ta zauna ta tambayi mahaifiyata yadda abin ya faro, tun daga rashin barcin. Da ta gama ji sai ta ce mata, "'Yar'uwa, addu'a ba za mu fasa ba, amma yaron nan ciwo gare shi, kuma ciwon yana da masu saninsa. Ki shirya, jibi ni zan raka ku."

A asibitin masu ciwon ƙwaƙwalwa likita ya saurare ni fiye da sa'a guda, sa'an nan ya ce abin da ke damuna shi ne ciwon da suke kira baifola, watau ciwo mai fuska biyu: wani lokaci ya cilla mutum sama da zumuɗi da rashin barci da yawan magana da ɓarnar dukiya, wani lokaci ya jefa shi ƙasa cikin baƙin ciki mai nauyi. Ya ce galibi yakan fara bayyana ne a ƙarshen ƙuruciya ko farkon samartaka, yana da nasaba da gado, kuma rashin barci na daga cikin manyan abubuwan da ke tayar da shi. Ashe abubuwa ukun nan da aka ba suna uku, zubi ne na ciwo guda. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa a shekarar 2019 mutum wajen miliyan 40 ne ke da wannan ciwo a duniya, kuma in aka haɗa dukan cututtukan hankali, mutum ɗaya ne cikin kowane takwas. Ke nan majami'ar da ke cika da mutum 200 ranar Lahadi da wuya ta rasa masu shi a kan bencinta, ko an sani ko ba a sani ba.

Magani kuwa ba sabon abu ba ne. Tun a 1949 wani likita a Ostareliya mai suna John Cade ya nuna amfanin sinadarin litiyam wajen kwantar da irin wannan zumuɗi, a 1952 kuma aka fara amfani da kulofuromazin a Faransa ga masu ruɗewar hankali. Aka ɗora ni a kan ƙwayoyi, waɗanda har yau nake sha kowane dare. Ba zan ce suna da daɗi ba. Sun sa mini ƙiba, da nauyin jiki da safe, da 'yar rawar hannu wadda abokan ajina suka sha gani idan ina rubutu. Amma da su na ci jarrabawar shiga jami'a, da su nake zaune a aji ina sauraron lacca.

Zama da shi a cikin jama'ar Allah

Samun sauƙi bai kawo ƙarshen gwagwarmaya ba, sai dai ya sauya mata fili. Na farko, akwai matsin ba da shaida. A wurinmu wanda Allah ya yi wa alheri yakan fito gaban jama'a ya faɗa, kuma shaidar da aka fi so ita ce mai ƙarewa da cewa an warke sarai. Wanda zai ce, "Na gode wa Allah, ina shan magani, ina samun barci," shaidarsa ba ta tayar da guɗa. Wani mai wa'azi baƙo ya taɓa zuwa taron farkawa a yankinmu, ya sa aka ajiye kwando a gaba, ya ce duk mai bangaskiya ya jefa ƙwayoyinsa a ciki. Na zauna a wurina, idanu suna kaina. Wani magidanci da muke haɗuwa da shi a layin asibiti ya jefa nasa. Kafin wata biyu an mayar da shi asibiti a ɗaure. Ban ji an nemi mai ciwon sukari ya jefa allurarsa ba a wannan dare.

Na biyu, akwai ibadar da jikina ba ya ɗauka. Kwanan addu'a har asuba abu ne mai daraja a wurin matasanmu, amma a gare ni dare biyu ba barci ƙofa ce ta komawa gidan jiya. Haka kuma azumin da ba a shan ruwa yana da haɗari ga mai shan litiyam, domin idan ruwan jiki ya ragu maganin yakan taru a jini har ya zama guba. Duk lokacin da na tashi ƙarfe goma na dare na bar 'yan'uwa suna waƙa, na san akwai mai cewa a ransa, "Ga shi nan, har yanzu bai dawo sosai ba."

Na uku, wanda ya fi ci mini rai, shi ne abin da ya shafi waɗanda ba su ji ba ba su gani ba. An sa ranar auren yayata, sai dangin mijin suka yi bincike irin na al'ada, suka dawo suka ce akwai hauka a gidan, aka fasa. Ni kuma aka janye ni daga koyar da yara a makarantar Lahadi, ba tare da an kira ni an faɗa mini dalili ba. Babu wanda ya kore ni daga majami'a. An dai bar ni a cikinta kamar baƙon da ba a san ranar tafiyarsa ba.

Abin da Littafi da tarihi suka nuna

Mutum na biyu da ya zo dubiyata wani tsohon fasto ne da ya yi ritaya, wanda idonsa ya fara rauni. Shi ne ya ce in buɗe Littafin Sarakuna na Fari, sura 19, in karanta masa labarin annabi Iliya. Bayan babbar nasararsa a Dutsen Karmel, Iliya ya gudu jeji, ya zauna a gindin wani itace ya roƙi mutuwa. Abin da aka fara yi masa shi ne aka bar shi ya yi barci, aka tashe shi aka ba shi abinci da ruwa, ya sake kwanciya, aka sake ciyar da shi. Da na kai nan sai tsohon ya ce, "Ɗana, ka ga inda aka tsawata masa?" Na ce, "Ban gani ba, Baba." Ya ce, "To, ka sha maganinka, ka yi barcinka. Wanda ya ba likita sani bai yi kuskure ba."

Daga baya na bi sauran wuraren da kaina. A Linjilar Markus, sura 5, mutanen gari ne suka riƙa ɗaure mutumin nan na makabarta da sarƙa da mari. Yesu bai ɗaure shi ba, kuma a ƙarshe gida ya mayar da shi wurin danginsa. A Linjilar Yohanna, sura 9, da almajirai suka tambayi ko zunubin wa ya sa aka haifi wani makaho, an amsa musu cewa ba nasa ba ne, ba kuma na iyayensa ba. Abokan Ayuba da suka nace lalle akwai laifin da ya ɓoye, su ne aka tsawata wa a ƙarshen littafin. Luka kansa, marubucin ɗaya daga cikin Linjila huɗu, likita ne. Ban zo in yi gardama da kowa a kan samuwar aljanu ba. Abin da nake cewa shi ne, Littafin da ake kafa hujja da shi wajen ɗaure mu bai koyar da ɗauri ba.

Tarihinmu ma shaida ne a kanmu. Addinin Kirista ya shigo ƙasar Hausa ne riƙe da kwalbar magani. Walter Miller, wanda ya zauna a Zariya, ya kuma yi aiki a fassarar Littafi Mai Tsarki ta Hausa da ta fito a 1932, likita ne. A ƙarshen shekarun 1930 mishan ta SIM ta karɓi aikin kula da kutare a lardunan Kano da Katsina da Sakkwato, a wurare irin su Yadakunya da Babbar Ruga da Amanawa. Ta buɗe asibitin ido a Kano a 1943, da asibitin Galmi a Nijar a 1950. Kakana a Babbar Ruga ya yi jinyar kuturta, daga can ya dawo da guntayen yatsu da sabon addini. A zamaninsa kuturta ita ce ciwon da ake cewa la'ana ce, ake ware wa mai ita ƙwarya. Ikkilisiya ta ce ciwo ne, ta wanke gyambo, ta ba da magani, ta zauna ta ci abinci da masu shi. A dubi sunan nan Yadakunya, a raba shi gida biyu: ya da kunya. Jikokin waɗanda aka taimaka suka ya da kunyar kuturta, yau su ne ke ɓoye ɗansu a ƙuryar ɗaki saboda kunyar wani ciwon.

Ba kuwa a rasa abin koyi ba a ƙasar nan. A 1954 Farfesa Thomas Adeoye Lambo ya fara wani tsari a Aro, kusa da Abekuta, inda masu ciwon hankali ke zama a gidajen ƙauyukan da ke kewaye tare da wani ɗan'uwansu, suna zuwa asibiti da rana, maimakon a kulle su. A 1989 kuma aka kafa Amaudo a Itumbauzo, cikin jihar Abiya ta yanzu, ƙarƙashin Cocin Methodist, inda ake ɗauko masu yawo a titi, a yi musu magani, a koya musu sana'a, a mayar da su ga danginsu. Ta fuskar doka, ƙasar ta daɗe tana aiki da dokar mahaukata ta 1958, wadda tushenta ke komawa ga ta Turawan mulki ta 1916, har sai a watan Janairu na 2023 da Shugaba Muhammadu Buhari ya sa hannu a sabuwar dokar lafiyar ƙwaƙwalwa mai kare haƙƙin majinyata. Sai dai doka ba ta zuwa dubiya. A watan Nuwamba na 2019, ƙungiyar Human Rights Watch ta fitar da rahoto a kan ɗaure masu ciwon hankali a Nijeriya, ta kuma same shi a asibitocin gwamnati da gidajen masu maganin gargajiya da cibiyoyin addini na Kirista da na Musulmi baki ɗaya. Saboda haka 'yan'uwana Musulmi da ke karanta wannan, in sun cire kalmar fasto suka sa wata, ina jin za su gane gidan.

Kammalawa

Likitocin ƙwaƙwalwa a ƙasar nan kaɗan ne ainun. Adadin da aka riƙa ambata wajen shekarar 2020 bai kai 300 ba, ga jama'a fiye da miliyan 200. Asibitocin irin su na Barnawa a Kaduna da Dawanau a Kano da Kware a Sakkwato sun yi wa mutumin ƙauye nisa. Majami'a kuwa tana bakin ƙofarsa, kuma wurin fasto za a fara kai shi ko an so ko an ƙi. Don haka abin da fasto ya sani, da sunan da ya kira abin da shi, su ne za su yanke ko yaro zai isa asibiti cikin mako guda ko sai bayan shekara.

Roƙona ga ikkilisiyoyinmu bai fi ƙarfinsu ba. A koya wa ɗaliban makarantun tauhidi alamomin waɗannan cututtuka, yadda za su bambance mai himmar ibada da wanda barci ya gagara kwana goma. A kwance igiya, a daina azumin dole. Kada a sa kowa ya zaɓa tsakanin addu'a da ƙwaya, gama Bahaushe ya ce Allah ya ce tashi in taimake ka. A karanto sunanmu cikin jerin marasa lafiya idan mun yarda, a kuma mayar mana da aikinmu idan mun miƙe, kamar yadda ake mayar wa wanda ya warke daga karaya.

Mu kuma ɗaliban harshe muna da namu rabon aikin. Daga cikinmu ne za a sami masu fassara da masu watsa labarai da marubuta wasan kwaikwayo da malaman makaranta. Mu ne za mu zaɓa ko mahaukaci zai ci gaba da zama abin dariya a dandali, ko kuwa za mu saba wa kunnen jama'a da cewa wane yana fama da ciwon hankali, yana kuma shan magani. Ranar da wannan jimla ta zama mai sauƙin faɗa a bakin Bahaushe kamar yadda yake cewa wane yana da hawan jini, ranar ce uwa za ta daina rufe ƙofa, maƙwabta kuma su sami bakin cewa sannu.